Sa Hannu a Fom Bai Isa Ba: Wa Ke Ba Ɗaliban Nazarin Halittu Shawara a Jos?

Duk shekara, idan sunayen waɗanda jami'a ta ɗauka suka fito, akwai wata magana da ake yawan ji a gidajen Tudun Wada da sauran unguwannin Jos: "Ya samu, amma ba abin da ya nema aka ba shi ba." Yaro ya cike likitanci ko haɗa magunguna ko aikin jinya a fom ɗin JAMB, iyaye sun biya kuɗin lesin har sun gaji, ƙanne da maƙwabta sun fara kiransa Dakta, sai ga sunansa a sashen nazarin dabbobi, ko na tsirrai, ko na ƙananan halittu. Dalilin a bayyane yake. Majalisar da ke kula da aikin likita, MDCN, tana ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa, don haka ragowar sai a rarraba su a sassan da suka fi kusa. Wannan ya sa ajin farko na nazarin halittu a kusan kowace jami'ar Najeriya cike yake da matasa masu ƙoƙari waɗanda zuciyarsu ke wani wuri. Ra'ayina shi ne, babu ɗalibin da ya kai waɗannan buƙatar malamin da zai zauna da shi ya gaya masa gaskiya tun a zangon farko, kuma babu garin da ya kai Jos samun abin da za a nuna wa irin wannan ɗalibi don ya san karatun da ya samu kansa a ciki yana da inda ya nufa. Abin da ya rage shi ne a ɗauki ba da shawara a matsayin wani ɓangare na koyarwa, a ware masa lokaci, a kuma saka wa mai yin sa.

A takarda, tsarin yana nan. Jami'o'inmu suna naɗa wa kowane aji malami guda, wanda ɗalibai ke kira kodineta. Ɗalibi zai shiga shafin jami'a ya zaɓi kwasa-kwasansa, ya je shagon kwamfuta a buga masa fom, ya bi layi a ƙofar ofis, malam ya duba ko adadin yunit bai gaza 15 ba kuma bai haura 24 ba kamar yadda ƙa'idar hukumar jami'o'i ta NUC ta tanada, ya sa hannu, na baya ya matso. Wannan aiki ne da ba a raina shi, domin kuskure ɗaya a rijista yana iya riƙe mutum shekara guda. Sai dai aikin lissafi ne. A cikin minti biyun da ɗalibi ke tsaye gaban tebur, da mutum hamsin a bayansa, ba za a tambaye shi me ya zo nema ba, ba za a tambaye shi me ya sa ya faɗi kemistiri ba, shi ma ba zai iya buɗe baki ya ce, "Malam, ban san me zan yi da wannan digiri ba." Da yawa suna gama shekara huɗu ba tare da wani malami ya san sunansu ba, sai a shekarar ƙarshe da aka raba su ga masu duba aikin bincikensu, lokacin da alƙalami ya riga ya bushe a kan darajar da za su fita da ita.

Gaskiya ta farko da ya kamata a gaya wa sabon ɗalibi ta lissafi ce, kuma ana iya yin ta a kan allo cikin minti goma. A ma'aunin maki biyar, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, daraja ta biyu ta sama, wadda ake kira 2:1, daga 3.50, ta biyu ta ƙasa daga 2.40. Shi CGPA, wato matsakaicin makin da ɗalibi ya tara tun shigarsa, ba ya mantuwa, kowane zango yana ɗorawa ne a kan na baya. A ƙaddara shekarun huɗu nauyinsu ɗaya. Wanda ya gama shekarar farko da 2.00, idan yana son 2:1, sai ya riƙa samun 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage, wato kusan kada ya sauko ƙasa da maki sittin a kowane kwas. Wanda ya samu 1.50 a shekarar farko da 2.00 a ta biyu, ko ya cinye duk makin duniya a sauran shekaru biyun ba zai kai 3.50 ba, domin abin da yake buƙata ya haura biyar. Me ya sa 2:1 ta zama abin damuwa? Domin ita ce shingen da yawancin guraben tallafin karatu na ƙasashen waje da manyan ma'aikatu ke kafawa kafin su ko duba takardar mutum. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai da ya fito daga sakandare, inda kowane aji ke farawa da sabon shafi, bai san haka ba. Yana jin shekarar farko ta sabo da wuri ce, alhali rabon darajar digirinsa ake yi.

Kuma shekarar farkon ita ce wadda ɗalibin nazarin halittu ya fi saurin zubarwa. Kwasa-kwasan da ke gabansa ba na tsuntsaye da furanni ba ne, kemistiri ne da fizis da lissafi, a manyan ɗakunan lakca tare da ɗaruruwan 'yan wasu sassa, ga shi da yawansu sun karkata ga bayoloji ne tun a sakandare don gudun lissafi. A lokaci guda rabin hankalinsa yana kan sake rubuta JAMB, ko kan jita-jitar cewa za a bari a canza kwas a aji biyu. Ba ya karatun da ke hannunsa da zuciya ɗaya, domin yana ganin baƙo ne shi a sashen. Ga shi kuwa inda ake yarda da canjin kwas, maki mai yawa ake nema, guraben kuma ba su taka kara sun karya ba. Sai ya tashi babu likitanci, ga kari-oba, wato kwas ɗin da ya faɗi, biyu ko uku. Shi kuma kari-oba ba ya tsayawa inda ya faɗi. Kwas ɗin da aka faɗi yana shiga lissafi da sifili, dole a sake ɗaukarsa, ya cinye gurbi cikin yunit 24 na baɗi, lokacin lakcarsa ya ci karo da na sabon aji, idan kuma sharaɗi ne ga wani kwas na gaba, sai ya tare hanya. Haka shekara huɗu ke zama biyar ko shida. Malamin da ya san aikinsa ba zai hana yaro burinsa ba. Zai ce masa, "Idan likitanci kake so, ga hanyoyinsa, ga yawan masu nema, ga abin da kowace hanya za ta ci. Amma ko wacce ka zaɓa, makin da ke hannunka yanzu shi ne guzurinka."

Gaskiya ta biyu ta fi ɗaci, kuma ita ce aka fi ɓoyewa. Ɗalibai da yawa na nazarin ƙananan halittu suna ɗauka cewa da sun gama za su sa farin kot su zauna a ɗakin gwaje-gwajen asibiti suna duba jinin marasa lafiya. Tun dokar 2003 da ta kafa majalisar MLSCN, wannan aiki na masu lasisinta ne, lasisin kuwa ana samunsa ne ta karatun kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, wanda digiri ne daban. Mai digirin nazarin dabbobi ba likitan dabbobi ba ne, wannan ma yana da tasa majalisar da nasa karatun. Wanda zai koyar da bayoloji a sakandare, sana'ar da ke ɗaukar masu wannan digiri, yana buƙatar shaidar koyarwa kamar PGDE da rijista da hukumar malamai ta TRCN. Duk waɗannan abubuwa ne da aka rubuta, ba sirri ba ne, amma ɗalibi kan ji su ne bayan bautar ƙasa, ranar da aka maido masa da takardunsa. Ba na ganin akwai uzurin da zai sa sashe ya riƙe mutum shekara huɗu bai gaya masa ƙofofin da ke rufe a gabansa ba. Wasu malamai suna tsoron kada su kashe wa yara gwiwa. Amma gwiwar da ta mutu a aji ɗaya tana da shekara uku ta farfaɗo, wadda ta mutu bayan an gama kuwa ba ta da komai sai haushi.

To, idan an rufe waɗannan, ina buɗaɗɗun? A nan Jos ta fi kowa sa'a, kuma a nan rashin shawara ya fi ciwo. Jami'ar Jos ta fara ne a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975, amma ta tarar da aikin nazarin halittu ya daɗe da kafuwa a kan tudun Filato. Tun 1924 ake da ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom, wanda ya zama cibiyar NVRI. Da yaƙi da bushiya ya fara, cutar da ta riƙa share garken Fulani, wadda a 2011 aka sanar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Har yau a Vom ake haɗa alluran rigakafin shanu da awaki da kaji da ake kaiwa ko'ina a ƙasar nan, can kuma aka riƙa kai samfura lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a 2006. A Vom ɗin kuma akwai reshen cibiyar binciken sammore da ƙudan tsando. A Kuru akwai tashar binciken dankalin Turawa, amfanin gonar da Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ke ciyar da ƙasa da shi, wanda kuma cutar ƙunar ganye ke iya cinye gonarsa cikin 'yan kwanaki idan damina ta yi sanyi da hazo. A cikin gari akwai kwalejin gandun daji ta tarayya. Duk waɗannan wurare ba su fi tafiyar awa guda daga harabar jami'a da ke titin Bauchi ba, kuma aikinsu na masu nazarin ƙwayoyin cuta ne, da ƙwari, da tsirrai.

Labarin Amurum ya cancanci a tsaya a kansa. Wani ɗan daji ne mai duwatsu kusa da ƙauyen Laminga, gabas da Jos, inda a farkon shekarun 2000 aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, wato APLORI, ƙarƙashin Jami'ar Jos. A 1998 wani masani Ba'amurke, Robert Payne, ya bayyana wa duniyar kimiyya wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu mai zama cikin duwatsun wannan yanki, wanda ba a taɓa rubuta shi ba. Yadda aka gano shi darasi ne kansa. Akwai wani baƙin tsuntsu a Filato da ba ya yin sheƙa, yana sa ƙwansa a sheƙar wani, ɗansa ya tashi yana kwaikwayon kukan waɗanda suka raine shi. Da aka saurari kukan da yake kwaikwaya, sai aka ga bai dace da na wani tsuntsu da aka sani ba, aka bi sawu har aka samo mai kukan. Cibiyar APLORI tana horar da masu digiri na biyu a fannin kare halittu, daga Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, da dama daga cikinsu sun wuce sun yi digiri na uku a Turai da Afirka ta Kudu. Matashi zai baro wata ƙasa ya zo Laminga neman wannan ilimi, ɗalibin nazarin dabbobi da ke kwana a Tudun Wada kuwa yana iya kaiwa aji uku bai san wurin yana nan ba, don babu wanda aikinsa ne ya gaya masa.

Haka batun lafiyar jama'a. Cibiyar Carter ta daɗe da ofis a Jos, tana aiki da ma'aikatun lafiya kan makantar kogi da tundurmi da tsargiya. A 2017 aka sanar da cewa jihohin Filato da Nasarawa sun kawar da tundurmi a matsayin barazana ga lafiyar jama'a. Kafin a kai ga irin wannan sanarwa sai an kama sauro da baƙin ƙuda a bakin rafuka, an feɗe, an gwada, an ƙirga, an auna jinin dubban yara, an tattara alƙaluma an tantance. Wannan aikin masana ƙwari ne da masana tsutsotsin ciki da masu iya lissafin ƙididdiga. Yaron da ya so zama likita don ya ceci rai ya kamata wani ya nuna masa cewa wanda ya zauna gaban madubin ƙara girma yana feɗe sauro yana cikin waɗanda suka raba ƙauyuka da kumburin ƙafa.

Shi ɗan Tudun Wada ma ba sai ya shiga mota ba. Gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, mai faɗin kusan murabba'in kilomita takwas, iyaka ɗaya yake da unguwarsu, gine-gine kuma suna ta matsa masa. Wane tsuntsu, wane ɗan itace ya rage a gefen da gidaje suka kusanto, idan aka kwatanta da tsakiyar gandun? Rijiyoyin da mata ke ɗiba a kwarin unguwar, ga masai a kusa, me ke cikin ruwansu a watan Agusta, me ke ciki a watan Maris? Tafkunan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da Bukuru, waɗanda ake noman rani da su, me suke sakawa a cikin kabeji da latas? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi aikin bincike ne na shekarar ƙarshe da zai amfani maƙwabta, ya kuma koya wa mai yin sa ɗaukar samfur da tsara bayanai da rubuta rahoto. Ɗalibin da ba a ba shawara ba yakan ɗauki duk taken da aka miƙa masa, ko ya je shagon kwamfuta ya sayi tsohon aiki a canza suna. Haka ma horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973, hukumar da hedikwatarta ke nan Jos a titin Miango. Watannin nan su ne damar da ɗalibi ke da ita ta taɓa na'urorin da sashensa ba shi da su, ya kuma san mutanen da za su rubuta masa takardar shaida gobe. Wanda ya fara nema tun aji biyu da wasiƙar malaminsa zai iya samun Vom ko Kuru ko ɗakin duba ingancin kaya a kamfanonin abinci na Jos da Bukuru. Wanda ya farka saura mako biyu zai ƙare a duk inda aka yarda a buga masa hatimi a littafi.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a kundin ɗalibai ba, wanda sai mai zama da ɗalibi zai sani. Yawancin 'yan Tudun Wada daga gida suke zuwa makaranta. Kafin lakcar ƙarfe takwas yarinya ta ɗebo ruwa, ta shirya ƙanne, ta hau keke zuwa Terminus, ta sake hawa wani zuwa titin Bauchi ko Naraguta, da kuɗin motar da ya yi tashin gwauron zabi tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ranar da babu kuɗi, babu lakca, idan kuma ranar aikin ɗakin gwaji ce, makin ya tafi. Garin kansa ya rabu tun rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, har ya zama idan an ji ƙishin-ƙishin, uwa a Tudun Wada ba ta barin ɗanta ya ratsa wasu unguwanni, kamar yadda uwa a Unguwar Rogo ba ta barin nata ya ratsa wasu. A watan Agustan 2021 sai da jami'a ta dakatar da jarrabawa, gwamnatocin jihohi suka aiko motoci suka kwashe 'ya'yansu. Ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na kusan wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, wanda ya sa wasu suka kama sana'a ko suka yi aure, suka dawo da rabin hankali. Malami ba zai gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma zai iya gaya wa wadda ta rasa jarrabawa saboda rashin lafiya ko dokar hana fita cewa akwai takardar da ake rubutawa da wa'adin kai ta, zai iya gaya wa wanda kuɗin makaranta ya gagara cewa ana jingine karatu bisa ƙa'ida maimakon a ɓace a dawo a tarar da sifili a jere, zai iya nuna masa rancen karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024 da sharuɗɗansa.

Masu ja da wannan magana suna da hujjoji, mafi ƙarfinsu kuwa ita ce ta malamai: ina lokacin? Mutum yana koyar da aji uku ko huɗu, yana duba ɗaruruwan takardun jarrabawa, yana kula da masu bincike goma sha, albashinsa bai kai ƙarshen wata, abokan aikinsa suna ta ficewa ƙasashen waje, kuma ranar ƙarin girma maƙalun da ya wallafa za a ƙirga, ba wanda zai tambayi ɗalibai nawa ya ceto daga kora. Duk gaskiya ne. Ƙa'idar NUC ta malami ɗaya ga ɗalibai 20 a fannin kimiyya, sassa da yawa a ƙasar nan sun wuce ta nesa. Sai dai nauyin yana zama ba ya ɗaukuwa ne saboda an jibga shi a kan mutum ɗaya. A ƙaddara sashe mai ɗalibai 400 da malamai 20. Idan aka raba, kowa ya samu ashirin, ya riƙe su daga shigarsu har fitarsu, ya ga kowannensu na minti ashirin sau biyu a zango, lokacin bai kai awa goma sha huɗu ba a zango guda. Ko adadin ya ninka, abu ne mai yiwuwa. Kodineta ya ci gaba da aikin fom da lissafi. Kuma lokacin da aka ƙi kashewa a aji ɗaya ana biyansa daga baya da riba, wajen sake duba takardun masu kari-oba, da zaman kwamiti kan waɗanda suka wuce wa'adi, da sauraron iyayen da suka zo roƙo. Abin da ya wajaba a kan hukumar jami'a shi ne ta sa wannan aiki cikin abin da ake aunawa wajen ƙarin girma, domin abin da ba a aunawa ba ya daɗewa.

Wasu kuma cewa suke jami'a ba firamare ba ce, ɗalibi babba ne, ga kundi an ba shi, ga intanet a hannunsa, matambayi kuma ba ya ɓata. Haka ne, amma sai ya san akwai abin tambaya. Ɗan farfesa da ya tashi a gidajen ma'aikatan jami'a ya san ma'anar CGPA tun kafin ya shiga, yana da wanda zai duba masa fom a teburin cin abinci. Ɗan mai sayar da tumatir a kasuwar Tudun Wada, wanda shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a, shawararsa daga zauren WhatsApp na aji take fitowa, daga bakin wanda ya girme shi da shekara ɗaya. Idan jami'a ta janye hannunta, shawara ba ta ɓacewa, tana komawa ne ga masu gata kawai. Binciken da Elaine Seymour da Nancy Hewitt suka wallafa a Amurka a 1997, kan dalilin da ke sa ɗalibai barin fannin kimiyya, ya gano cewa waɗanda suka bari ba su gaza waɗanda suka tsaya basira ba, matsalolinsu iri ɗaya ne, bambancin ya fi yawa a kan wanda ya samu mai taimaka masa a lokacin da ya dace. Jami'ar Georgia State da ke Atlanta, wadda yawancin ɗalibanta 'ya'yan talakawa ne, tun 2012 take bin sakamakon kowane ɗalibi, da an ga alamar tuntuɓe a kira shi cikin 'yan kwanaki, ta ƙara ɗaukar masu ba da shawara, yawan masu kammalawa kuma ya ƙaru. Ba mu da kuɗinsu ko na'urorinsu. Amma malamin da ke riƙe da mutum ashirin ba ya buƙatar na'ura kafin ya ga wanda ya faɗi kwas biyu.

Hujja ta uku ita ce ta masu cewa ai ko an ba da shawarar babu aikin, Vom da Kuru da Amurum mutum nawa za su ɗauka? Kaɗan ne, kuma duk malamin da ya yi wa ɗalibai alkawarin aiki ya yaudare su. Amma ƙarancin gurabe shi ne ma ya sa sanin hanya da wuri ya zama dole. Wanda ya san tun aji biyu cewa koyarwa ce ta fi kusa zai shirya mata, ya zama malamin bayoloji na ƙwarai maimakon mai jiran tsammani a gaban allo. Wanda ya karkata ga kiwon kifi ko kaji ko noman naman kaza ko samar da irin dankali marar cuta zai zaɓi kwasa-kwasai da wurin horo da suka dace. Wanda aka gaya masa cewa nazarin halittu na yau ba ya tafiya sai da ƙididdiga da kwamfuta zai daina gudun lissafi, ya koyi manhaja irin R, wadda kyauta ce, kuma ita ce ke buɗe ƙofar ƙungiyoyin lafiya da guraben karatu na waje. Sabon tsarin karatu na CCMAS, wanda NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta daidai da yankinta. Zaɓi ya ƙaru ke nan, zaɓi kuwa ga wanda ba shi da jagora ƙarin ruɗani ne.

Ƙorafin da ya fi damuna shi ne na huɗu, wanda iyaye mata suka fi yi a ɓoye. Kusantar da ɗaliba ga malami namiji a ofis, a ba shi ikon sanin rauninta da talaucinta, ba buɗe wata ƙofar ɓarna ba ne? Bayan irin wannan ɓarna da binciken BBC na 2019 ya bankaɗo a jami'o'in Legas da Ghana, ba wanda zai kira wannan tsoro shirme. A gari irin Jos kuma akwai fargabar kada malami ya fifita na addininsa ko na ƙabilarsa. Amsar ita ce a fito da aikin fili. A raba ɗalibai bisa lambar rijista, ba bisa zaɓin malami ba. Ganawar farko a yi ta a rukuni. Ta mutum ɗaya a yi ta a lokacin aiki, ƙofa a buɗe, a rubuta abin da aka tattauna a takarda guda da duka biyun za su sa wa hannu, kwafi ya je wurin shugaban sashe. Ɗaliba ta samu damar neman a canza mata malami ba tare da an tambaye ta dalili ba. Ɓarna ta fi samun wuri a halin da ake ciki yanzu, inda taimako alfarma ce da ake nema a ɓoye, mai bayarwa kuma yana ganin ya yi abin da ba dolensa ba.

Sharaɗi ɗaya ne idan babu shi duk wannan tsari zai zama zance: sakamako ya fito da wuri. A jami'o'i da yawa ɗalibi yana shiga zango na biyu, wani lokaci har sabuwar shekara, bai ga makin zangon farko ba, ya yi rijista a makance. Shawarar da aka bayar bayan an rufe rijista ta'aziyya ce. Majalisar dattawan jami'a ce ke da ikon sa wa'adi ta kuma tsaya a kansa, yadda makin kemistiri da fizis da lissafi na aji ɗaya, waɗanda wasu sassa ke koyarwa, zai iso hannun malaman nazarin halittu kafin mako na biyu na zango mai zuwa. Sauran kuwa shugaban sashe zai iya farawa a zangon nan ba tare da ya jira kasafi daga Abuja ba: jerin sunaye a jikin allon sanarwa a makon rantsar da sababbin ɗalibai, awa biyu a mako da kowane malami zai rubuta a ƙofarsa, da motar jami'a guda da za ta kai 'yan aji ɗaya Vom a zangon farko, ta kai su Laminga a na biyu.